Kaskon da ke Bayan Shinge

Bana da sanyi ya shigo, jikata ta matsa mini lamba sai na je na ga lambun mijinta a bakin garin Tawa. Aka ɗora ni bayan kabu-kabu, na ƙanƙame rigar mai babur kamar zan yaga ta. Lambu kam ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Waya ce ta zagaye shi, famfo yana aiki da hasken rana, ba guga ba igiya. Ruwa har ya yi musu yawa, ya bi ta ƙarƙashin waya ya kwanta a waje. Suna ta nuna mini shu, wato kabeji, da karoti, ni kuwa idona yana kan taɓon nan na waje. Na duƙa na duba, na sake dubawa. Sawun akuya, sawun taya, shi ke nan. Ko sawun kurciya ɗaya babu.

Jikata ta ce, "Kaka, mi kike biɗa a ƙasa?"

Na ce mata ba komi. Da na dawo gida ban iya cin tuwo ba, don wani ranin ya dawo mini ɗanye, wanda na yi shekara talatin ina ture shi.

Shekarar da kuɗin sefa suka faɗi nake nufi. Muna zaune a ƙauyenmu, arewa da Barmu, gidanmu ne na ƙarshe kafin a shiga duwatsu. Daminar da ta wuce ta yaudare mu. Ta fara da kyau, gero ya kai har ya yi ciki, sai ruwa ya ɗauke cak. Abin da rana ta bari, fara ta zo ta ƙarasa. Dami tara muka ɗaure, a gonar da takan ba mu sittin. Motocin ƴan siyasa da suka cika mana kunne da lasifika kafin damina, suna raba shayi da sukari, duk sun ɗauke ƙafa. Maigidana ya dubi rumbu, ya dube ni, ya ɗaure ƙunshinsa ya bi sauran mazan gari zuwa Abijan. Ya bar ni da ƴaƴa mata biyu, ɗaya a baya ɗaya a hannu, da mahaifinsa.

Surukina ba na faɗin sunansa, har yau. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata. Maharbi ne a da, kafin ya aje baka, kafin ciwon gwiwa ya mai da shi mai tafiya da sanda biyu. Yana da ɗiya a Tawa, Yaya Hajo, tana auren ma'aikaci. Tun da aka gama girbi ta aiko cewa a kai mata Baba, ba za ta bar ubanta ya mutu da yunwa a ƙauye ba. Ya ƙi. Aka yi ta aike, a ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: in lambu ya ciyar da mu, ya zauna, in ya gaza, ta zo da mota ta ɗauke shi.

Ranar da aka yanke wannan magana ya kira ni ƙofar ɗakinsa. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba.

"Ɗiyata," ya ce, "nan anka haihe ni, ubana yana kwance can ƙarƙashin dutsin can. Kusa da shi nike so a aje ni. Ki riƙe lambun nan. Kada ki bari a kai ni birni."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, ba inda za ka."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Lambun yana cikin fadama, jifa biyu daga gida. Shingen ƙaya, rijiya mai gaba uku da maigidana ya haƙa kafin ya tafi, fangali ashirin da huɗu. Goma sha takwas albasa, sauran salati da shu da ɗan tumatir. Ganyen mu ci, albasar in ta nuna a kai kasuwa a sauya ta da gero. Duk rayuwarmu ke nan har wata damina.

Ina sallame asuba sai in hura wuta, in zubar da ruwan anzar da na jiƙa, ƴaƴan itacen daji da ake ci in yunwa ta matsa, in sake mata sabo, don in ba a yi kwanaki ana sake mata ruwa ba ɗacinta kashe hanji yake. In goya ƙaramar, in ja babbar, mu gangara. Kai, ɗarin shekarar nan! Igiyar guga ta kwana ta sandare, tana shiga tsagar tafin hannu kamar wuƙa. Dugadugaina sun yi faso har ina barin jini a bakin rijiya. Abu ɗaya mai daɗi, ruwan rijiya da sassafe ɗumi gare shi, har tururi yake, sai in tsoma hannuwa ciki in ɗan tsaya. Daga nan ja, zuba a tulu, kai wa fangali, dawowa. Kafin hantsi bayana ya daina zama nawa. Da azahar in koma gida in daka ɗan gero da dusarsa in dama kunu, da la'asar in sake gangarowa.

Amma akwai dokar Baba. Can bayan shinge, taki arba'in wajen duwatsu, akwai gindin wata tsohuwar randa da aka binne a ƙasa, bakinta daidai da ƙasa. Kasko muke ce mata. Gugan farko na safe da gugan ƙarshe na yamma, nan ake juye su. Kason daji ke nan. Haka ya gada daga ubansa, kuma duk mai lambu a gidan haka ya yi.

Da hantsi sai in jiyo sandunansa, ƙwas, ƙwas, yana gangarowa. Ya zauna gindin gawo, wanda shi kaɗai ke da ganye a rani, ya miƙe ƙafafu, ya fuskanci kasko. Nan zai wuni. Kowa da lokacinsa, kuma ya san su duka. Kurciyoyi ke buɗe fage. Sai zabin daji su gangaro daga duwatsu a jere, sun fi ashirin, suna ta surutu.

"Ga matan kasuwa nan sun taho," in ji shi. "Ji su, ba mai saurare, kowa magana."

Kurege ya zo ya tsaya da ƙafa biyu yana leƙe-leƙe, Baba ya ce mai karɓar haraji ne. Da la'asar zomaye. Bushiya ba a ganinta, sai sawunta da safe, shi zai nuna mini da bakin sanda. Gab da magariba kuma wani dila yakan zo, yana ɗingisa ƙafar baya. Wannan shi ne na hannun damansa.

"Ɗan'uwana gurgu ya iso. Shekara huɗu ke nan muna gaisawa."

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Baba, shi dai ɗan'uwan nan naka bai taɓa kawo maka ko ƙafar zabo ba."

Ya yi dariya har da tari. "Ke ma kin iya baki ashe! To shi ma gidanshi dami tara sunka ɗaure."

Sau ɗaya barewa biyu suka sauko. Ina cikin jan guga na ji ya ce a hankali, "Tsaya. Kada ki motsa." Na tsaya da guga a rataye har suka sha suka juya. Da na dube shi, idonsa ya cika da ruwa. Ya ce rabon da ya ga barewa a fadamar nan tun maigidana yana rarrafe. Yinin nan ko kununsa bai tambaya ba.

Ana tsakiyar sanyi labari ya zo kuɗi sun faɗi. Mu ba mu gane ba sai da muka je kasuwa muka ga abin da ke sayen tiya ɗaya ta gero jiya, yau ba ya saye. Daga Abijan shiru. Rumbu ya kai ga sai na shiga ciki da tsintsiya. Nonona ya ragu, ƙaramar tana tsotsa tana cizo tana kuka. Sai kuma rijiya ta fara ja da baya.

Ni da maƙwabciyata Zali, wadda ita ma mijinta yana can, muka riƙa yi wa juna yasa. Yau ta riƙe mini igiya in shiga tawa, gobe in riƙe mata. Mu kwaso laka da ƙwarya, ruwa ya ɗan tsatso. Duk da haka sai in ja guga biyar in zauna jira. Fangalin ƙarshe suka fara kwantar da ganye. Ina kallon albasata tana yaushi, sannan a ce in ɗauki guga biyu cur in kai wa zabi? Wallahi raina ya riƙa ɓaci. Na fara da yanke na yamma. Bayan kwana uku na safe ma ya koma rabin ƙwarya, in watsa don kasko ya yi duhu daga nesa.

Na ɗauka idon tsoho ba zai kai ba. Idonsa bai kai ba, amma maharbi ne.

"Ɗiyata, zabin nan ba su daɗe ba yau. Kin zuba?"

"Na zuba, Baba."

Washegari ya sake cewa, "Gurgu ya zo jiya, ya sunsuna ya juya. Ɗiyata, kin zuba?"

Yunwa da gajiya suka hau mini kai. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na ce, "Haba Baba! Ɗiyan mutane ba su ƙoshi ba, sai na dila? Ruwan nan da jinina nike jawo shi!"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na sani, ina ganin hannunki. Amma ba sadaka ce muke ba su ba. Ƙishirwa gare su, kuma suna jin ƙanshin ruwa. In ba su samu a waje ba, za su shigo ciki."

Na yi tsaki a zuci, na ci gaba da abin da nake.

Ba a yi mako ba. Na gangaro da safe na tarar da fangali uku an tone su kaf. Zabi sun tsallako shinge tun kafin in iso, sun bi damshi suna tono, ƴan albasa duk a waje, saiwa a sama. Zomaye sun huda ƙarƙashin ƙaya sun aske salati har ƙasa. Na zauna daɓas na ɗora hannu a ka. Wayyo ni! Ranar na cika kasko har ya zuba. Na saro ƙaya na toshe kafofi, hannuna duk ya yi jini. Amma ina! Sun riga sun san hanya, sun kuma ɗanɗana ganye. Su sha a kasko, su wuce ciki. In na tsare safe, su zo da azahar lokacin da nake gida wajen daka. Cikin kwana goma fangali bakwai suka tafi.

A daidai nan Yaya Hajo ta zo dubiya da ƴar shinkafa a ƙulle. Ta ga ubanta ya rame, wuya duk jijiya. Ta gangara ta ga lambu. Ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ƙarshen watan gobe ina tahowa da mota." Baba yana zaune yana ji, ni kawai ya kalla.

Wannan kallon ne ya kai ni kasuwar Barmu. Na ɗauki gabun da na daka na shanya, wato busasshen ganyen albasa, na kai. Can gefen masu magani akwai wani mutum da ke sayar da maganin fara a ƙulle cikin leda, gari ne fari-fari mai warin da ke hawa kai. Na tambaye shi ko yana kashe zomo. Ya ce, "Har abin da ya fi zomo." Na ba shi gabu, ya ba ni ƙulli ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, ko Zali.

Da sassafe na cika kasko, na kwance ƙullin na juye, na motsa da kara. Na ɗebo gero cikin tafi, geron da ƴaƴana za su sha, na jiƙa a ciki na watsa kewaye. A raina ina cewa don Baba nake yi.

Da hantsi ya gangaro ya zauna. Ya hango ruwa yana ƙyalli, ya hango tsaba a ƙasa.

"Har da hatsi kinka ba su? A wannan shekara? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Na sunkuyar da kai cikin rijiya. Da na buɗe baki a lokacin, da an tsira. Ban buɗe ba.

Kurciyoyi suka zo suka tashi. Zabi suka gangaro a jere da surutunsu, suka rufe kasko. Baba yana murmushi yana ƙirga su da baki. Can sai ɗaya ta yi tangaɗi ta zauna. Wata ta buɗe fiffike tana juyawa wuri ɗaya. Surutun ya sauya, ya koma wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Suka riƙa faɗuwa suna shure-shure, wasu suka nufi duwatsu ba su kai ba.

Baba ya yunƙura kan sandunansa. "Subhanallahi! Mi ya same su? Ɗiyata, zo ki gani!"

Kafin in motsa, Zali ta hango daga lambunta. Ta rugo, wasu mata biyu suna bin ta. Mutanen da suka yi wata huɗu ba su ga nama ba, ga zabi a ƙasa suna motsi. Suka hau tsinta, bibbiyu a hannu. Zali tana ihu, "Ku yi maza a kai ma liman shi yanka tun da ransu! Yau yara za su sha romo!"

Na ga ƴaƴan Zali a idona, su huɗu, kewaye da tukunya. Na yar da guga na fito da gudu, goyo yana jijjiga a bayana.

"Ku aje! Don Allah ku aje! Kada wanda ya ci! Magani na sa, maganin hwara na zuba cikin ruwan!"

Wuri ya yi tsit, sai shure-shuren zabi. Zali ta dube ni, ta dubi abin da ke hannunta, ta sake su suka faɗi. Ta fashe da kuka, ba don zabin ba, don naman. Ta ce, "Ke kam Allah shi isam muna." Ni ban damu da ita ba, Baba nake kallo. Yana tsaye a kan sanduna, bakinsa a buɗe kaɗan. Ya daɗe haka. Sannan ya juya ya kama hanyar gida, da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

Ni kaɗai na haƙa rami. Zabi goma sha tara na jefa, da kurciyoyin da na iya tsinta, da kurege ɗaya. Na rufe, na danne da duwatsu da ƙaya. Na kwashe ruwan kasko, na goge shi da toka da yashi har sau uku. Amma kurciyoyin da suka tashi suka faɗi cikin daji fa, wa zai bi su? Bayan kwana biyu wata mai itace ta ce ta ga mushen dila a bakin duwatsu, da ungulu biyu a gefensa su ma a mace. Da labarin ya iso gida, Baba ya tambaye ta abu ɗaya: "Ƙafar baya ta hagu, a lanƙwashe take?" Ta ce e. Ya gyaɗa kai.

Bai zage ni ba. Wallahi da ya zage ni, da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a baya, da na fi samun sauƙi. In na kai masa kunu ya ce sannu. In na gaishe shi ya amsa. Na koma zuba guga biyu, har uku, ruwa mai kyau. Ya gangaro ya zauna gindin gawo kamar da. Kwana ɗaya, biyu, biyar, takwas. Ruwa ya wuni cike, rana ta sha abin da za ta sha. Ban da zanzaro da tururuwa ba abin da ya zo. Fadamar ta yi shiru, har ƙarar igiyata a bakin rijiya nake ji. A rana ta tara bai gangaro ba, kuma bai sake ba.

Lambu kuwa ya tashi. Abin haushin ke nan. Na sake dashe a fangali huɗu, suka kama. Sanyi ya fara raguwa, albasa ta yi kai, tana fasa ƙasa, ja jawur. Muka ci shu, muka ci tumatir, nonona ya dawo. Wani mai jaki daga Barmu ya zo ya duba ya ce in ta nuna zai kawo gero mu yi musaya.

Ranar da Yaya Hajo ta iso da mota, ko ruwa ban bari ta sha ba na ja ta zuwa fadama. Ta zagaya, ta tona ɗaya da yatsa ta ga girmanta. Ta ce, "Lalle kin yi aiki. To, magana magana ce, tunda kuna da abin ci, shi zauna." Na hawo gida da sauri, zuciyata fal, na durƙusa ƙofar ɗakinsa.

"Baba, Yaya ta gani da idonta. Ta ce ka zauna. Ba inda za ka."

Yana zaune bakin gado, ya riga ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Hajo, naɗe mini tabarmata, ki ɗauko butata."

Na ce, "Baba, lambun ya yi fa! Abin da ka ce in riƙe, na riƙe!"

"Kin riƙe, ɗiyata. Ba don mugunta kinka yi ba, na sani, kuma na yahe miki." Ya dubi ƙofa, wajen fadama. "Amma in na zauna, mi zan kalla?"

Na yi kuka, na roƙe shi, na ce za su dawo, wata shekara za su dawo. Ya ce mai yiwuwa, amma shi ba shi da wata shekara da zai ba su. Direba da wani tsoho suka ɗaga shi suka sa a mota. Da za su wuce ta saman fadama, Zali ta ce mini bai ko juya kai ba.

Da bazara, bayan na cire albasa, na ɗauki rabin buhu na kai musu Tawa. Na same shi a wani ɗan ɗaki na siminti, zafi kamar tanda, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Ya ƙara ƙiba kaɗan, don Yaya Hajo tana kula da shi, ba laifinta. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko an samu wasiƙa daga Abijan. Fadama kam bai tambaya ba, ni ma ban ɗauko ba. Na ɗauko albasa mafi girma na sa masa a hannu. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya ce, "Ta yi kyau. Ku ci." Ya miƙo mini abata.

Kwana goma sha biyu kafin ruwan farko ya rasu. Zafi ya yi yawa, mota ba ta samu ba, aka ce ba za a iya kai shi gida ba. A maƙabartar Tawa aka rufe shi, tsakanin mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. Mu kuwa geron albasar nan ya kai mu har kaka, ni da ƴaƴana, ba wadda ta mutu. Kowace loma na san da me na saye ta, kuma na ci.